Yadda Direba Zai Karɓi Rubutun da Na'ura Ta Aiko Ba Tare da Ya Jefa Kanel Cikin Hatsari Ba

Duk sanda ka soka filashi ko wata na'urar sauti a kwamfuta, kafin ka ƙifta ido sunan abin ya bayyana: kamfani kaza, samfuri kaza, lamba kaza. Kwamfutar ba duba ta yi ba. Direban na'urar, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta iya magana da na'urar, shi ne ya tambaya, na'urar ta amsa, shi kuma ya ɗauki amsar ya ajiye a cikin kanel, wato cibiyar manhajar da ke riƙe da ragamar kwamfutar baki ɗaya. Matsalar ita ce babu wanda ya rantsar da na'urar cewa gaskiya za ta faɗa.

A 2011 aka gano cewa direban caiaq na Linux, mai kula da kayan sautin Native Instruments, yana kwafe sunan da na'ura ta bayar da `strcpy`, umarnin kwafe rubutu da ba ya duba girman wurin zuwa, cikin wani gurbi mai bayit 80. Na'urorin gaske sunayensu gajeru ne, shi ya sa abin ya daɗe a kwance ba wanda ya lura. Amma duk wanda ya haɗa na'urar bogi mai dogon suna, sunan zai cika gurbin ya malala kan abin da ke maƙwabtaka da shi a memori. An ba kuskuren lamba CVE-2011-0712, gyaransa kuwa 'yan layuka ne kawai. Irin wannan ne za mu bi mataki-mataki mu toshe. Misalaina galibi daga Linux ne da harshen C, amma hanyar ɗaya ce a ko'ina.

Da farko, buɗe kundin ƙa'ida ka ga yadda rubutun yake zuwa

A harshen C, rubutu jerin bayit ne da ke ƙarewa da sifiri, kuma `strlen` da `strcpy` da `%s` duk wannan sifirin rufewa suke nema kafin su tsaya. Na'urori kuwa yawancinsu ba su san da wannan yarjejeniya ba. Kowace da salonta.

A USB, bayit na farko shi ne tsawon saƙon gaba ɗaya, na biyu nau'insa, wanda ga rubutu 3 ne, sauran kuma haruffa ne cikin UTF-16, ƙaramin bayit a gaba. Babu sifirin rufewa. Tunda tsawon bayit ɗaya ne, saƙon ba zai wuce bayit 255 ba, ke nan gaɓoɓi 126 masu bayit bibbiyu ne iyaka. Faifan ajiya na ATA yana amsa umarnin IDENTIFY da bayit 512, inda lambar siriyal take da bayit 20, lambar manhajar cikinsa 8, sunan samfuri 40. Ana cike ragowar gurbin da sarari, sannan kowane bayit biyu a juye suke, har ABCD ya zo maka a matsayin BADC. A SCSI, wata hanyar magana da faifan ajiya, amsar INQUIRY tana ɗauke da sunan kamfani mai bayit 8, na samfuri 16, lambar bita 4, manne da juna ba komai a tsakani. Faifan NVMe ma 20 da 40 da 8 ne, da cikon sarari, amma ba a juye ba. Allon kwamfuta yana ba da sunansa ta EDID cikin bayit 13, a rufe da alamar sabon layi 0x0A idan bai cika ba. Sunan Bluetooth yana kaiwa bayit 248, kuma sai bai cika gurbin ba ake samun sifiri a ƙarshensa. Sunan Wi-Fi, wato SSID, ya fi duka rainin wayo: yana kaiwa bayit 32 na komai da komai, har sifiri yana iya faɗowa a tsakiyarsa, kuma ƙa'ida ba ta hana ba.

Saboda haka kafin ka rubuta layi ɗaya, amsa wa kanka tambayoyi huɗu daga kundin: nawa ne iyakar tsawon, da me ake rufewa, da me ake cikewa, wane tsarin haruffa ne. A cikin kod ɗinka kuma kada ka kira ɗanyen gurbin da `char *`. Sa masa `u8` da tsawonsa, ko ka lika masa alamar `__nonstring`, domin wanda zai gaje ka ya san wannan ba abin miƙa wa `strlen` ba ne.

Na biyu: tsawo uku ne, kuma ɗaya ne kawai naka

Nan ne zan fi daɗewa, don mafi yawan ɓarnar daga nan take tasowa. A duk karatun da ka yi daga na'ura akwai lambobi uku. Akwai girman ma'ajin da ka ware. Akwai adadin bayit ɗin da suka iso da gaske, wanda tsarin jigilar saƙo ke dawo maka da shi. Sai kuma tsawon da na'urar ta rubuta a cikin saƙon da bakinta. Na farko kai ka san shi. Na biyu shaida ne daga ɓangarenka. Na uku iƙirari ne kawai, kuma ba a cinikin biri a sama. Abin da za ka yi aiki da shi shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu.

Ga yadda abin yake a USB, inda `samu` shi ne adadin da ya iso cikin ma'aji mai bayit 255:

```c
if (samu < 2 || buf[1] != USB_DT_STRING)
        return -EINVAL;
tsawo = min_t(int, buf[0], samu);
tsawo &= ~1;
if (tsawo < 2)
        return -EINVAL;
adadi = (tsawo - 2) / 2;
```

Kowane layi da dalilinsa. Idan bayit biyu ba su iso ba, ko kan saƙon ba ka da shi, balle ka karanta shi. Idan na'urar ta ce 200 alhali 10 suka iso, kuma ka yarda da ita, za ka kwashi bayit 190 na abin da ke kwance a ma'ajin tun da, ka miƙa wa duk mai karanta sunan na'urar. Wannan ba ya faɗar da kwamfuta, shi ya sa ya fi wuyar ganewa, amma sirrin kanel ne ke zurarewa. Domin haka ma ya fi kyau a ware ma'ajin da `kzalloc`, ya zo a share. Layin da ke goge bit na ƙarshe yana maganin tsawo mara, tunda UTF-16 bibbiyu take tafiya. Binciken ƙarshe kuwa shi ne wanda ake yawan mantawa: na'ura ta ce tsawonta 0 ko 1, ka cire 2, idan lambar `size_t` ce ba ta san ƙasa da sifiri ba, sai ta zagayo ta zama wata ƙatuwar lamba, `memcpy` kuma ta kama hanya ba birki.

Gaskiyar magana, a Linux bai kamata ka rubuta waɗannan layuka da hannunka ba. `usb_string` tana yin wannan duka har ta juya maka zuwa UTF-8. Na kawo su ne don ka ga tunanin, saboda ranar da za ka gamu da saƙon da kamfani ya ƙirƙiro wa na'urarsa shi kaɗai, babu wani kayan aiki da zai tsaya maka.

Abubuwa biyu ƙanana a nan. Ma'ajin da za a yi jigilar USB da shi dole ya fito daga `kmalloc` ko 'yan uwanta, ba daga stak ba, wato wurin ajiyar wucin-gadi na aikin da ke gudana, musamman tun Linux 4.9 da aka sauya yadda ake ware stak ɗin. Sannan `udev->product` da `udev->manufacturer` da `udev->serial` kowannensu yana iya zama `NULL`, domin na'ura tana da 'yancin cewa ba ta da suna. Duba kafin ka taɓa.

A teburin SMBIOS, inda uwar allo, wato babban allon cikin kwamfuta, ke ba da bayanan kanta, salon daban ne: gurbin yana ba ka lamba ne, ka je ka ƙirga rubutu na kaza a jerin da ke biye, kowanne da sifirinsa, jerin ya ƙare da sifiri biyu. Lamba 0 tana nufin babu. Idan aka ce maka na 9 alhali uku ne a jerin, ƙirgarka ta tsaya a ƙarshen teburin, kada ta dogara da cewa sifirin zai zo.

Na uku: kwafa tukuna, sannan ka bincika

Idan na'urar tana rubutu kai tsaye cikin memori ba tare da ta bi ta hannun direba ba, abin da ake kira DMA, kamar katin PCIe ko abin da aka soka ta Thunderbolt, to wurin da ka karanta yanzu tana iya sauya shi bayan ɗan lokaci kaɗan. Ka karanta tsawo ka ga 16, ka gamsu, ka koma karanta shi wajen kwafa ya zama 4000. Maganin shi ne ka ɗauki tsawon sau ɗaya da `READ_ONCE` zuwa naka wurin, ka kwafe bayit ɗin zuwa ma'ajin da na'urar ba ta iya kaiwa, duk bincike ya gudana a kan kwafin. Haka nan idan kana tambayar na'ura sau biyu, na farko don jin tsawo na biyu don karɓar saƙon, amsa ta biyu ma sai an sake auna ta. Ba dole ta yi daidai da ta farko ba.

Na huɗu: mayar da shi rubutun C, sau ɗaya, a bakin ƙofa

Ra'ayina a nan mai tsauri ne. Wuri ɗaya tak ya kamata ɗanyen bayit ya zama rubutu, wato inda ya shigo. Daga nan sauran direban ba ya sake ganin ɗanyen. Idan ka bar kowane sashe yana yin tasa dabarar, wata rana wani zai manta.

Kayan aikin da ake ɗauka da sunan sun fi aminci, kowanne da ramin da ya haƙa. `strncpy` ba ta sa sifirin rufewa idan rubutun ya cika gurbin. `strlcpy` tana sawa, amma sai ta bi tushen har ƙarshe don ta faɗa maka tsawonsa, ke nan a kan gurbin da ba shi da sifiri an gudu ba a tsira ba. An cire ta daga kanel ɗin Linux gaba ɗaya a 6.8. `strscpy`, wadda ta shigo tun 4.3 a 2015, ita ce ta dace idan tushen rubutun C ne na gaske, kuma tana dawo da `-E2BIG` idan ta datse. Sai dai ka lura, iyakar da ka ba ta ta wurin zuwa ce. Idan wurin zuwa bayit 64 ne, tushen kuma gurbin SCSI mai bayit 8 da ba shi da sifiri, za ta zarce cikin gurbin da ke biye, sunan kamfani ya fito manne da na samfuri. Ga gurbi mai ƙayyadadden tsawo, `memtostr` ko `kmemdup_nul` ko `kstrndup` su ne suka san tsawon tushen. Faifan ATA kuma yana da `ata_id_c_string`, mai juya bayit ɗin ta datse sararin ƙarshe ta rufe.

Idan da hannu za ka yi, ga ɗan abin da ke haɗa kwafa da tsabtacewa ga rubutun da ƙa'ida ta ce ASCII ne:

```c
static void tsabtace(char *fita, size_t girma,
                     const u8 *shiga, size_t tsawo)
{
        size_t i, n;

        if (!girma)
                return;
        n = min(tsawo, girma - 1);
        for (i = 0; i < n && shiga[i]; i++)
                fita[i] = (shiga[i] >= 0x20 && shiga[i] <= 0x7e)
                          ? shiga[i] : '?';
        while (i && fita[i - 1] == ' ')
                i--;
        fita[i] = '\0';
}
```

Da gangan na rubuta 0x20 zuwa 0x7e ban kira `isprint` ba, domin ta kanel ɗin Linux tana ɗaukar haruffan Latin-1 da ke sama da 0x9f a matsayin masu bugawa, su kuwa idan suka fito su kaɗai ba UTF-8 ba ne. Ka kuma lura da `i &&` a wajen datse sarari: gurbin da sarari ne zalla zai sa ka koma baya har ka fita daga ma'ajin idan babu shi. Abin da ya rage a `fita` bayan sifirin ba a taɓa shi ba, don haka idan za a kwafe dukan gurbin zuwa wajen kanel, a share shi tun farko.

A Windows, `UNICODE_STRING` tana ɗauke da tsawonta, amma da bayit ake ƙirga shi ba da harafi ba, kuma ba lallai ta ƙare da sifiri ba. A cikin `Ntstrsafe.h` masu `Cb` a sunansu bayit suke ƙirgawa, masu `Cch` haruffa. Wanda ya musanya su ya ninka iyakarsa sau biyu bai sani ba.

Na biyar: lissafin haruffa

Juyawa daga UTF-16 zuwa UTF-8 tana iya kumbura rubutu. Harafin a bayit ɗaya ne, ƙ biyu ne, 0xC6 da 0x99, haruffan Sinanci uku-uku. Gaɓoɓi 126 suna iya zama bayit 378, ban da na rufewa, shi ya sa Linux take ware 382 ga sunayen da take ajiyewa. Wanda ya ware 128 yana ganin ya wadata, da haruffan Turanci kawai ya yi lissafi.

Idan dole ka datse, kada ka raba harafi biyu. A UTF-8, bayit ɗin da bit ɗinsa biyu na farko 1 da 0 ne ci gaban harafi ne, sai ka ja baya har ka iso farkonsa. A UTF-16 kuma gaɓar da ke tsakanin D800 da DBFF dole abokiyarta daga DC00 zuwa DFFF ta biyo ta. Idan ta zo ita kaɗai, ko ta zo a ƙarshen ma'aji, kada ka leƙa gaba neman abokiyar. Sa U+FFFD a wurinta ka wuce.

Na shida: inda rubutun zai je

Tsugune ba ta ƙare ba don kawai rubutu ya rufu da sifiri. Yanzu ba ya malala, amma abin da ke cikinsa har yanzu na'urar ce ta zaɓa.

Kada ya taɓa zama shi ne tsarin bugawa, wato rubutun da ake fassara alamomin `%` na cikinsa a matsayin umarni. `dev_info(dev, suna)` kuskure ne, daidai shi ne `dev_info(dev, "%s", suna)`. Haka ga `dev_set_name` da `kthread_run` da `alloc_workqueue`, waɗanda mutum ba ya kawo wa ransa cewa tsarin bugawa suke karɓa. A Yunin 2021 wani mai bincike, Carl Schou, ya nuna cewa haɗa iPhone da Wi-Fi mai suna `%p%s%s%s%s%n` yana kashe Wi-Fi ɗin wayar, sai a iOS 14.7 aka gyara. Kanel ɗin Linux ya daɗe da daina aiki da `%n`, amma `%s` kaɗai ya isa ya sa a bi adireshin da babu shi. Kunna `-Wformat-security`, manhajar harhaɗa kod za ta nuna maka su.

Idan kana son buga gurbi mai ƙayyadadden tsawo ba tare da kwafa ba, `%.*s` tana karɓar iyaka. Ga abu irin SSID kuwa akwai `%*pE`, mai mayar da baƙin bayit zuwa lambobi masu karantuwa. Amfanin hakan a fili yake: sabon layi a cikin sunan na'ura yana iya ƙirƙiro layin bogi a rahoton kanel, bayit 0x1B kuma yana iya ba allon umarni oda ya goge ko ya sauya abin da mai kula da kwamfuta ke gani. `usb_string` ba ta tace waɗannan, juyawa kawai take yi.

A sysfs, inda kanel ke baje bayanan na'urori cikin fayiloli, yi amfani da `sysfs_emit`, wadda ta san girman shafin da aka ba ta. Idan kana harhaɗa rubutu gunduwa-gunduwa, ɗauki `scnprintf`, domin `snprintf` tana dawo da tsawon da ta so rubutawa ne ba wanda ta rubuta ba, kuma tara wannan lamba yana fitar da kai daga ma'aji. Sunan fayil ko na kundin ajiya kuwa, ni dai ba na gina shi daga abin da na'ura ta faɗa. Lambar da kanel ya ƙirga ta fi. Linux tana mayar da `/` zuwa `!` a sunayen sysfs, amma na'urori biyu masu suna ɗaya fa, ko mai suna fanko?

Manhajojin da ke wajen kanel suna ɗaukar abin da direba ya ba su da yarda, kuma wani lokaci yardar tana yin yawa. A 2018 aka gano cewa KDE Plasma, wata manhajar fuskar kwamfuta a Linux, tana saka sunan da aka raɗa wa filashi cikin umarnin shel, wato manhajar da ke aiwatar da umarnin da aka rubuta mata, ta yadda filashi mai `$( )` a sunansa zai sa a gudanar da abin da ke ciki. Wannan shi ne CVE-2018-6791. Laifin ba na direba ba ne, kuma ba aikinka ba ne ka hango kowane shel da kowane shafin intanet da sunan zai faɗa. Naka shi ne abin da ka fitar ya zama yana da iyaka, tsarin haruffansa ingantacce, babu haruffan sarrafawa irin su sabon layi da 0x1B.

Na bakwai: kada ka gina amana a kan suna

Lambar siriyal ba shaida ba ce. Akwai na'urori masu arha da dubbansu ke ɗauke da lamba ɗaya, akwai uwayen allo da har yau suke amsa "To Be Filled By O.E.M." a gurbin suna. Karsten Nohl da Jakob Lell sun nuna a 2014, cikin aikin da aka sani da BadUSB, cewa ana iya sake wa filashi manhajar cikinsa ya yi iƙirarin zama duk abin da aka ga dama. Yin amfani da suna don gane samfurin da ke buƙatar kulawa ta musamman ba laifi, amma a kwatanta da ɗanyen bayit da tsawonsa ta `memcmp`, tunda tsabtacewa tana iya mayar da sunaye biyu daban su zama ɗaya. Kuma idan sunan ya zo a lalace, kada direba ya ƙi aiki saboda shi. Sa "ba a sani ba", ka rubuta gargaɗi sau ɗaya da `dev_warn_once`, na'urar ta ci gaba da aikinta.

Na takwas: zama na'urar da ba ta da kunya

Na'urar da ke kan teburinka mai ladabi ce, ba za ta nuna maka komai ba. Sai ka ƙirƙiro marar kunyar da kanka. A Linux, `dummy_hcd` tare da `raw-gadget`, wanda ya shigo a 5.7, suna ba ka damar kwaikwayon na'urar USB a cikin kwamfuta ɗaya ba tare da waya ba, kuma da su manhajar gwaji ta syzkaller ke yi wa direbobin USB ruwan saƙonnin banza. Allon Facedancer yana yin haka ta waya ta gaske. Ga faifai kuma QEMU, mai kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, yana barin ka zaɓi lambar siriyal da kanka.

Gwada tsawo 0, da 1, da 255, da mara. Gwada iƙirarin da ya fi abin da aka aiko. Cika gurbi maƙil ba sifiri, sannan sarari zalla, sannan 0xFF zalla. Saka `%s%s%s`, sabon layi, 0x1B, `../`, da gaɓar D800 a ƙarshe. Sa amsa ta biyu ta saɓa wa ta farko, kuma ka zare na'urar ana tsakiyar tambaya.

Yi duk wannan a kanel da aka kunna wa KASAN, mai kama karatu da rubutun da suka fita daga ma'aji, sannan a wani zagayen KMSAN, wanda ya shigo a 6.1, mai kama bayit ɗin da ba a taɓa rubutawa ba suna ƙoƙarin fita. A Windows, Driver Verifier ne da wurin ajiyarsa na musamman. Amma ka san iyakar KASAN: gefen abin da aka ware gaba ɗaya yake gadi. Idan suna ya malala daga gurbinsa zuwa gurbin da ke biye a cikin `struct` guda, shiru zai yi, don a wurinsa ba a fita ba. Wannan sai `CONFIG_FORTIFY_SOURCE`, wanda ya san girman kowane gurbi, kuma shi ma sai idan ka miƙa masa gurbin da sunansa. Da zarar ka ratsa da shi ta wani `char *` a hanya, girman ya ɓace masa, don haka a irin wannan wuri sai ka sa bayit na shaida a gurbin da ke biye, ka duba bayan gwaji ko yana nan yadda ka bar shi.